Columbia: Garin da Aka Fara Zanawa a Takarda Kafin a Kafa Tubali

Tsakanin biranen Baltimore da Washington, a jihar Maryland ta Amurka, akwai wani gari da ake kira Columbia. Ƙidayar 2020 ta samu mutum 104,681 a cikinsa, kuma in aka cire Baltimore babu wani wuri a jihar da ya kai shi yawan jama'a. A 1960 kuwa, gundumar Howard gaba ɗayanta, wadda garin yake ciki, mutum 36,000 da 'yan kai ne, mafi yawan ƙasarta kuma gonaki ne da makiyaya da kurmi. Garin bai taso daga kasuwa ko mashigin kogi ko tashar jirgin ƙasa ba. Kamfani guda ne ya sayi ƙasar, ya zana taswira, ya ci bashi, ya haƙa tafkuna, sannan ya gayyaci mutane su zo su zauna.

Masu nazarin tsara birane suna yawan komawa kansa domin ya daɗe isasshe har an ga abin da ya tsaya da abin da ya zube. In aka bi tarihinsa, abu ɗaya ke ta maimaita kansa. Duk abin da aka kafa a jikin ƙasa ko aka rubuta a takardar mallaka yana nan har yau. Duk abin da ya dogara ga shawarar wani daban, kamar mai masana'anta ko mai babban kanti ko gwamnatin tarayya, ya sauya kama ko ya mutu.

Tunanin ba sabo ba ne. A 1898 Ebenezer Howard na Ingila ya kawo shawarar a riƙa gina ƙananan garuruwa masu iyaka, kewaye da fili kore, inda aiki da gida ke kusa da juna, aka kuma gwada hakan a Letchworth daga 1903. A Amurka an yi Radburn a 1929, inda aka raba hanyar mota da ta masu tafiya a ƙasa, sai Greenbelt a nan Maryland a 1937. Amma abin da ya mamaye ƙasar bayan Yaƙin Duniya na Biyu wani salo ne daban, irin na Levittown da ke jihar New York: gidaje sama da 17,000 masu kama da juna da aka gina daga 1947 zuwa 1951, ba a sayar wa baƙar fata, kuma aikin yi yana can wani wuri mai nisa. James Rouse, mutumin da ya kafa Columbia, wanda ya yi suna a harkar ba da bashin gina gidaje da gina rukunin shaguna, yana ganin wannan salon a matsayin ɓarnar ƙasa. Ya sa wa kansa manufofi huɗu: a gina cikakken gari mai gida da aiki da makaranta, a mutunta yanayin ƙasar, a samar da muhallin da mutum zai bunƙasa, kuma a ci riba. Bai ɓoye ta huɗun ba, domin a ganinsa in ba a ci riba ba babu maginin da zai kwaikwaya.

Sayen ƙasa ba tare da an sani ba

Matsala ta farko ga duk mai son gina gari ita ce haɗa ƙasa. Ana buƙatar dubban ekoki manne da juna, alhali suna hannun mutane da yawa. Da zarar labari ya fita cewa mutum ɗaya ne ke saye, farashi zai tashi, kuma mai gonar da ke tsakiya zai gane cewa ba a iya komai sai da shi, sai ya ƙi sayarwa har sai an biya shi abin da ya ga dama. Saboda haka Rouse ya yi amfani da lauya da dillalai da wasu ƙananan kamfanoni masu sunaye daban-daban, kowanne yana saye kamar ba ruwansa da ɗan'uwansa. Daga 1962 zuwa 1963 suka tara kimanin eka 14,000, wato hekta 5,700 ko kusa da haka, daga hannun masu ƙasa wajen 140, a matsakaicin farashi na kusan dala 1,500 kowace eka. Kashi ɗaya cikin goma na ƙasar gundumar ke nan. Jita-jita ta yi yawa a lokacin, wasu na cewa gwamnati ce za ta kafa cibiyar bincike, wasu na cewa juji za a yi wa shara daga birni.

Kuɗin ba na Rouse ba ne. Kamfanin inshora na Connecticut General ne ya zuba sama da dala miliyan 20, ya karɓi rabin mallakar kamfanin da aka kafa domin aikin, wato Howard Research and Development. Dalilin da ya sa sai irin wannan kamfani shi ne, inshorar rai tana riƙe kuɗi na shekaru masu yawa, tana iya jira, banki na yau da kullum kuwa ba ya iya ba da bashin da ba zai fara dawowa ba sai bayan shekara biyar ko goma. Hujjar da aka ba shugaban kamfanin, Frazar Wilde, mai sauƙi ce: ko da garin bai yiwu ba, ƙasa ce tsakanin manyan birane biyu masu faɗaɗa, darajarta ba za ta faɗi ba. Sunansa aka sa wa tafki na farko da ƙauye na farko, Wilde Lake.

Duk da dabarar, ba a samu komai ba. Wasu sun ƙi sayarwa, filayensu suka zauna kamar tsibirai a tsakiyar garin. Har yau akwai gidajen da ke kan titi ɗaya da na Columbia amma ba sa ƙarƙashin dokokinta, ba sa kuma biyan kuɗin shekara da maƙwabtansu ke biya.

A Oktoban 1963 Rouse ya bayyana kansa gaban kwamishinonin gundumar uku. A nan hatsarin yake, domin an zaɓe su ne a 1962 bisa alƙawarin hana cunkoson gine-gine, kuma shi ya riga ya kashe miliyoyi a kan ƙasar da doka ba ta yarda a yi gari a kanta ba. Hujjarsa ita ce jama'a za su zo ko ana so ko ba a so, abin da ya rage shi ne a zaɓa tsakanin gidaje warwatse a ko'ina, kowanne da rijiyarsa da ramin masai, ko kuma gari ɗaya mai bututun ruwa da masana'antu masu biyan haraji. An gabatar da tsarin a Nuwamban 1964, aka amince da shi a Agustan 1965.

Dokar da aka rubuta musamman dominsa ta bambanta da wadda aka saba. Dokar tsara ƙasa ta yau da kullum tana duba fili ɗaya-ɗaya, ta ce nan gida, can shago. Wannan kuwa tana duba jimilla: dole yankin ya kai eka 2,500 a haɗe, dole kaso kaza ya zama gidaje na iyali ɗaya, kaso kaza benaye na haya, kaso kaza wuraren aiki, sannan filin da ba a gini a kansa, wanda a yanzu ba zai gaza kashi 36 cikin 100 ba. Inda kowanne zai zauna an bar wa mai aikin. Wannan sassauci ne ya ba da damar a matse gidaje a kan tudu a bar kwarurruka da bakin rafi da manyan itatuwa. Sai dai dokar ta ƙunshi wani sharaɗi da ya zama ƙarfen ƙafa daga baya: kamfanin da ya fara neman izinin ne kaɗai ke da ikon neman a sauya amfanin fili. Wanda ya sayi rukunin shaguna shekara 30 bayan haka ba ya iya zuwa gunduma da kansa ya ce yana son ya rushe ya sake gini.

Yadda aka jera garin

Kafin a kammala zane, Rouse ya tara masana 14 daga fannonin ilimi, lafiya, addini, halayyar jama'a, sufuri da nishaɗi, suka yi ta zama na kusan wata shida tare da masu zanen, William Finley da Morton Hoppenfeld. Ba a ce su zana titi ba. An ce su faɗi yadda makaranta ko asibiti ko wurin ibada ya kamata ya yi aiki in da za a fara daga farko. Abin da ya fito shi ne tsari mai hawa uku.

Hawa na ƙasa shi ne unguwa: 'yan ɗaruruwan gidaje kewaye da makarantar firamare, wurin ninkaya da ɗan zauren taro, a tazarar da yaro zai taka da ƙafa ba tare da ya tsallaka babban titi ba. Unguwa uku ko huɗu su ne ƙauye, wanda aka yi wa lissafin mutum 10,000 zuwa 15,000, da cibiyarsa mai kantin kayan abinci, banki, wurin aski, zauren jama'a da makarantar sakandare. Ƙauyuka tara suna kewaye da tsakiyar gari, wadda ita ce ta goma. Lambobin ba a sama aka tsinto su ba. Girman unguwa ya fito ne daga yawan gidajen da za su cika firamare ɗaya, girman ƙauye kuma daga yawan masu sayayyar da za su riƙe kantin abinci ɗaya a ma'aunin shekarun 1960. Wannan ma'auni na biyu shi ne ya ci amanar tsarin daga baya.

Titunan cikin unguwa an yi su masu lanƙwasa, da yawa ba sa ɓullewa, domin mota mai wucewa kada ta bi ta ƙofar gida. Hanyoyin ƙafa suna bi ta bayan gidaje cikin itatuwa, wani wuri su ratsa ta ƙarƙashin titi. Akwatunan wasiƙa an tara su wuri ɗaya maimakon kowa da nasa a ƙofa, da nufin maƙwabta su riƙa haɗuwa. Wuraren ibada ma an yi musu wani tsari: maimakon kowace ɗariƙa ta sayi fili ta gina nata, an kafa cibiyoyin da mabiya addinai daban-daban ke raba ɗakuna da lokuta, ta farko ta buɗe a Wilde Lake a 1970. Ga ƙaramar jama'a da ba ta da kuɗin gini wannan ya yi amfani, amma waɗanda suka yi girma da yawansu sun fita sun gina nasu.

Aka fara aiki a Yunin 1966. Jerin aikin shi ne abin da ke cin kuɗi. Kafin a sayar da fili ko ɗaya sai an gina madatsar ruwa, an shimfiɗa babban bututun ƙazanta wanda dole ya bi gangaren kwari domin ruwa ya tafi da kansa, an ja ruwan sha da wuta, an yi manyan tituna da kwalbatoci. Ba a yin rabin madatsa ko rabin bututu, kuma girmansu na mutanen da za su zo nan da shekara 15 ne, alhali kuɗin ruwan bashin yau yake fara hawa. Domin wannan ne aka sake karɓo dala miliyan 50 daga Connecticut General da bankin Chase Manhattan da asusun fanshon malamai na TIAA. Ribar mai tsara gari ba a ginin gida take ba. Yana sayen eka a farashin gona, ya zuba mata hanya da ruwa da makaranta da tafki, ya yanka ta, ya sayar wa magina a farashin birni. Su maginan ne ke gina gidajen, kuma ɗaya daga cikinsu, Ryland, a nan Columbia aka kafa shi a 1967. Filayen kasuwanci na tsakiyar gari, waɗanda suka fi kowanne daraja, ana ajiye su zuwa ƙarshe. Ke nan kashewa tana gaba, samu yana baya, kuma duk shekarar da ciniki ya yi sanyi bashin yana ƙaruwa ne a kan bashi.

An buɗe garin a ranar 21 ga Yuni, 1967. Kwana tara kafin nan Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokokin da ke hana aure tsakanin farare da baƙaƙe, dokar tarayya da ta haramta wariya wajen sayar da gida kuwa sai a 1968 ta zo. Rouse bai jira ta ba. Ya sanar da magina da dillalai cewa duk mai son aiki a Columbia dole ya sayar ko ya ba da haya ga kowa. Wannan ya jawo iyalai baƙar fata masu matsakaicin hali da aka rufe wa ƙofa a wasu unguwannin bayan gari, da ma'aurata masu launi daban-daban, kuma shi ne abin da ya fi bambanta garin da takwarorinsa na lokacin.

Wa ke riƙe da garin

Columbia ba ta da magajin gari, ba ta da majalisar birni. 'Yan sanda, makarantu, kashe gobara, kwashe shara da gyaran titi duk aikin gundumar Howard ne. Abin da ya rage, wato filayen shaƙatawa da tafkuna da wuraren wasanni, yana hannun wata ƙungiya mai zaman kanta da ba ta neman riba, Columbia Association. Ita ke kula da kimanin eka 3,600 na fili, hanyoyin ƙafa na kusan kilomita 150, wuraren ninkaya 23 na waje, da tafkuna uku: Wilde Lake, Kittamaqundi da Elkhorn.

Hanyar samun kuɗinta ita ce dabarar da ta fi kowace ƙarko a duk tsarin. Kafin a sayar da fili ko ɗaya, an rubuta a takardar mallakar ƙasar cewa duk mai ita zai riƙa biyan ƙungiyar kuɗi kowace shekara, kuma wannan nauyi yana bin filin ne duk hannun da ya shiga. An ƙayyade cewa ba zai wuce santi 75 a kan kowace dala 100 ba, kuma a kan rabin darajar da jiha ta yi wa kadarar ake lissafi. An daɗe ana karɓar santi 68. Gidan da aka yi wa daraja dala 400,000, alal misali, rabinsa 200,000 ne, abin biya kuma dala 1,360 a shekara, ban da harajin gunduma. Shaguna da ofisoshi ma suna biya. Wanda ya ƙi, ana iya ɗora wa kadarar tasa takunkumin bashi. Da yake kuɗin tabbatacce ne, ƙungiyar ta iya cin bashi a kansa tun garin bai cika ba, ta gina wuraren ninkaya da zaurukan taro kafin mutanen su iso. Amfanin haka a fili yake ga mai sayar da gida, domin mai saye yana ganin abin da idonsa. Illarsa ita ce mazauna sun gaji bashin da ba su ne suka yanke shawarar cinsa ba, domin kamfanin ne ke da rinjaye a hukumar ƙungiyar har zuwa 1982, lokacin da ragamar ta koma hannun wakilan ƙauyuka goma.

Ko bayan nan tambayar ba ta mutu ba. Ƙungiya ce mai karɓar abin da ya yi kama da haraji amma ba gwamnati ba ce, zaɓen ƙauyuka mutane kaɗan ke fitowa, kuma ƙa'idar ƙuri'a ta bambanta: wani ƙauyen kowane baligi na da ƙuri'a, wani kuma kowace kadara ce ke da ɗaya. An sha tayar da maganar mayar da Columbia cikakken birni, ba ta taɓa zuwa ko'ina ba.

Takardar mallakar tana ɗauke da wani sharaɗin kuma: ba a sauya fuskar gida sai da izinin kwamitin ƙauye. Launin fenti, shinge, rumfa, ɗakin ajiya a bayan gida, duk sai an cika takarda. Masu ƙorafi suna cewa shisshigi ne, kuma wani lokaci haka ne. Amma in aka kwatanta unguwannin farko na garin da takwarorinsu masu shekaru ɗaya a wasu wurare, za a ga aikin da sharaɗin ya yi.

Inda lissafi ya kauce

An yi hasashen mutum 110,000 zuwa wajen 1980. Ƙidayar 1970 ta samu 8,815, ta 1980 ta samu 52,518, wato ƙasa da rabi. A 1990 an kai 75,883, a 2000 an kai 88,254, a 2010 kuma 99,615. Aikin shekara 15 ya ci fiye da 40. Shekarun farko sun tafi daidai: ƙauyukan Harper's Choice da Oakland Mills sun biyo bayan Wilde Lake, kwalejin gunduma ta buɗe a 1970, babban rukunin shaguna a 1971, asibiti a 1973. Sai matsin tattalin arziki na 1973 zuwa 1975 ya zo da tsadar man fetur da hauhawar kuɗin ruwa, cinikin gidaje ya tsaya. Kamfanin ya sallami ma'aikata da yawa, aka sake tsara bashin, Connecticut General ya ƙara kasonsa. Abin da ya ceci Columbia shi ne mai bashin nata abokin tarayya ne da ya zaɓi ya jira. Sauran ba su yi wannan sa'ar ba. A Reston ta jihar Virginia, wadda ta riga Columbia farawa, kamfanin mai na Gulf ya ƙwace ragama daga hannun wanda ya kafa ta, Robert Simon, tun 1967. Daga cikin sababbin garuruwa 13 da gwamnatin tarayya ta tsaya wa bashi a farkon shekarun 1970, The Woodlands ta jihar Texas ce kaɗai ba ta gaza biya ba.

Aikin yi ma bai zo yadda aka zana ba. Kamfanin General Electric ya karɓi fili sama da eka 1,000 domin masana'antar kayan lantarki na gida, ana maganar ma'aikata 12,000. Bai taɓa kai kashi ɗaya cikin huɗu na hakan ba, kuma zuwa 1990 ya rufe. Ayyuka sun zo daga baya, amma na ofis ne da fasaha da kwangilar gwamnati, saboda kusancin wurin da sansanin soja na Fort Meade da cibiyar bincike ta jami'ar Johns Hopkins. Burin a ce mutum yana kwana yana aiki a gari ɗaya bai cika ba: da safe dubbai na fita zuwa Washington da Baltimore, wasu dubban na shigowa. Wannan ba laifin zane ba ne, domin ba wanda ke zaɓar aiki saboda yana unguwarsu.

Sufuri kuwa akwai laifin zane a ciki. An tsara ƙananan motocin bas masu bin hanyarsu ta musamman su haɗa cibiyoyin ƙauyuka, har an keɓe filin hanyar a wasu wurare, amma ba a gina ta ba. Bas ɗin da aka sa a titunan gama-gari ya yi ta asara. Dalilin a lissafi yake: gida biyu da ɗoriya a kowace eka bai isa ya cika bas ba, titi mai lanƙwasa da ba ya ɓullewa yana tsawaita tafiya, kuma babbar hanya mai lamba 29 ta raba garin gida biyu. Hanyoyin ƙafa suna da daɗin motsa jiki, amma mai sauri ba ya bin su. Columbia ta zama garin mota kamar sauran.

An kuma yi niyyar kashi 10 cikin 100 na gidaje su zama na masu ƙaramin ƙarfi, a warwatse cikin unguwanni, har Rouse na cewa yana son mai shara da shugaban kamfani su zauna gari ɗaya. An gina irin waɗannan gidaje a ƙauyukan farko da tallafin gwamnatin tarayya. Da gwamnatin Shugaba Nixon ta dakatar da shirye-shiryen tallafin a 1973, kuma kamfanin ya shiga neman kuɗi ido rufe, sai ƙauyukan baya suka karkata ga manyan gidaje masu tsada. River Hill, na ƙarshe, wanda aka fara a shekarun 1990, kusan duk irinsu ne. Sakamakon shi ne gidajen haya masu sauƙi sun taru a tsofaffin ƙauyuka kamar Wilde Lake, Oakland Mills, Harper's Choice da Long Reach, bambancin kuma ya fito a makarantu. A 2019, da hukumar ilimi ta gundumar ta sake shata iyakokin makarantu ta sauya wa ɗalibai sama da 5,000 wuri, an yi zanga-zanga da zafafan kalamai a yankin da ke alfahari da zaman tare. Burin na kashi 10 manufa ce ta kamfani, ba a taɓa ɗaure ta a jikin fili yadda aka ɗaure kuɗin shekara ba, shi ya sa da iska ta juya babu abin da ya riƙe ta.

Cibiyoyin ƙauyuka su ma sun sha wuya. An zana su suna kallon ciki, shaguna kewaye da tsakar fili, a ɓoye daga babban titi, abin da ke da kyau ga mai zama ya sha hira amma mai shago yana son a gan shi daga mota. Kantunan abinci na zamani sun ninka na da girma, ba sa shiga tsohon gini. A shekarun 1990 kuma kamfanin da kansa ya buɗe manyan kantuna a gefen garin, a kan filayen da suka haɗa da tsohon wurin General Electric, suka janye masu sayayya. Kantin abinci na Wilde Lake ya rufe a 2006. Cibiyar Long Reach ta lalace har gunduma ta saye ta daga 2014. Sai a 2009 aka gyara dokar nan ta farko domin masu cibiyoyin su iya neman izinin sake gini da kansu, kuma Wilde Lake ce ta fara amfana, inda aka rushe wani ɓangare aka sa benayen haya da shaguna masu fuskantar titi. Tafkunan ma sun nuna cewa abin da aka haƙa sai an ci gaba da haƙa shi: ruwan sama da ke gangarowa daga kwalta da rufin gidaje yana zaizaye rafuka ya tara laka, har sai da ƙungiyar ta kashe miliyoyin daloli wajen yashe su.

Mallakar garin ta sauya hannu sau da yawa. Rouse ya sauka daga shugabancin yau da kullum a 1979, ya koma harkar gidajen talakawa ta gidauniyar Enterprise da ya kafa a 1982, ya rasu a Columbia a 1996. A 1985 kamfaninsa ya sayi kason kamfanin inshorar. A 2004 General Growth Properties ya sayi kamfanin Rouse ɗungurungum a kan kusan dala biliyan 12.6 har da basussuka, a 2009 shi ma ya durƙushe a ƙarƙashin bashi, a 2010 kuma filayen da suka rage suka koma hannun wani sabon kamfani mai suna Howard Hughes.

Abin da ya rage ɗin shi ne tsakiyar gari, wadda shekara 40 ta zauna a matsayin rukunin shaguna kewaye da filayen ajiye motoci, ga dandalin kiɗa na Merriweather Post da aka buɗe a 1967 a gefe guda, ga tsohuwar hedikwatar Rouse ta 1974 a bakin tafki, dukansu biyun da hannun mai zanen gine-gine Frank Gehry a zanensu tun bai yi suna ba. A Fabrairun 2010 majalisar gundumar ta amince da shirin shekara 30 na cike wannan wuri: gidaje 5,500 a benaye, ofisoshi masu faɗin ƙafa murabba'i miliyan 4.3, shaguna masu faɗin ƙafa murabba'i miliyan 1.25, da ɗakunan otal 640. A wannan karon an raba izinin kashi-kashi, ba a wucewa zuwa mataki na gaba sai an cika sharuɗɗan na baya, kamar gyaran dandalin kiɗan da miƙa shi ga wata ƙungiya mai zaman kanta, da gina hanyar ƙafa da keke da ta haɗa gabas da yammacin garin. A 2016 aka ƙara yarjejeniya kan gidaje masu sauƙin haya, aka kuma amince gunduma ta ci bashin da zai iya kai dala miliyan 90 domin tituna da sauran ayyukan jama'a, wanda za a biya daga ƙarin harajin da sababbin gine-ginen za su kawo. Masu suka sun ce an ɗora wa jama'a nauyin da ya kamata mai gini ya ɗauka, kuma makarantun da ke kusa sun riga sun cika. Tsohuwar hedikwatar ta zama kantin kayan abinci na Whole Foods tun 2014, benaye sun tashi a kudancin dandalin kiɗan, amma ɓangaren ofisoshi na shirin ya gamu da raguwar buƙata tun bayan annobar korona, lokacin da ma'aikata da yawa suka koma yin aiki daga gida.